Ragar Gabas a Gonar Ciyaman

Filin ƙwallon garinmu gona ce. Da an girbe dawa sai mu fito da fartanya mu baje kunyoyi, mu kafa itace gabas da yamma, mu yi ta bugu har ruwa ya sauka. Gonar ta ciyaman ɗin kulob ɗinmu ce, wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Kunci. A shekarun farin nan ya hana a baje gefen gabas, wai nan ya zuba takin shanu, ba zai bari a watsar masa ba. Haka kunyoyin suka zauna a gaban raga, ni kuwa ni ne gola.

Muna da doka. Ranar wasa Malam kan ba da rubutu a shafa wa gola a tafin hannu, daga nan ba zai gaisa da kowa ba sai an tashi. Ranar wasan ƙarshe na kofi da 'yan Watari muka kara, kyaftin ɗinsu ɗan kawuna ne, kuma bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba. Ya miƙo mini hannu a tsakiyar fili. Ta yaya zan ƙi? Na karɓa, na ƙara yi masa ta'aziyya.

Ana dab da tashi aka bugo wata ƙwallo a ƙasa, mara ƙarfi, wadda ko tsohuwa za ta tare da zani. Na durƙusa na buɗe hannu. Ta daki kunyar dawa, ta yi tsalle ta bi ta kan kafaɗata.

Alhaji bai jira an watse ba. "Cire rigar nan!" ya ce. "Kowa ya ga ka gaisa. Kai ka karya mana asiri." Na ce, "Alhaji, dubi ƙasar nan mana." Ko kallon wurin bai yi ba. Na cire rigar a gaban Babana, wanda ranar ce kaɗai ya taɓa zuwa kallona. Baba ya juya ya kama hanyar gida, har ya rasu kuwa bai sake yi mini zancen ƙwallo ba.

Na tafi Kano na tsare wa kulob ɗin wata masaƙa raga, da albashi da komai, har masaƙar ta rufe, gwiwa ma ta ƙi. Na dawo na zama kocin wasu samari a wajen Rimin Gado. Masu cewa a bar wa Allah sun yi ta faɗa mini, ina jinsu. Ni dai abin yana nan daram a ƙirjina.

Da na ji ɗan Alhaji ne golan garinmu yanzu, ni da kaina na aika neman wasa. Na fara zuwa na leƙa gonar. Kunyoyin suna nan, halin mutum ba ya tsufa. Na kwashi yarana zuwa wata gona da ba a baje ba, kullum abu ɗaya nake nanata musu: kada wanda ya ɗaga ƙwallo sama, a buga ta a ƙasa, ƙasar za ta ƙarasa aikin.

Ranar wasan an shafa wa ɗan Alhaji rubutunsa a hannu, ya rungume hannayen kamar mai jin sanyi, ko ni da na yi masa sallama kai kawai ya gyaɗa. Da muka juya muna fuskantar gabas, uku suka bi ta kan kafaɗarsa. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, har ƙwalla ta cika mini ido.

Na taka har inda Alhaji yake zaune a kujerarsa.

"Alhaji, shi kuma da wa ya gaisa?"

Ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasar. Na miƙa masa hannu, na bar shi a miƙe a gaban kowa har sai da ya karɓa.