Garantin Baki da Garantin Takarda

Ban jin akwai ranar da zan manta da Larabar da motar Alhaji Illa ta ƙi mutuwa a kan hanyar Birnin Lalle, ina zaune a cikinta da ordinatar, wato kwamfuta, bisa cinyata. Yau wata biyu ke nan, amma har yanzu in wani ya ba inji wuta da ƙarfi a gareji sai in ja da baya. Na rubuta wannan ne saboda ku da kuke koyon aikin baliz a bayana. Na gwada ba da labarin da baki, sai na kasa tun ban kai rabi ba.

Sunana Shafa'atu. Bayan na gama kwaleji na tafi Maradi na koyi duba mota da na'ura, wadda muke ce ma baliz, na dawo Dakoro na kama aiki a garejin Shef Ma'azu. Tsarin wurin a fili yake: Shef ne ke karɓar mota kuma shi ke yanke abin da za a yi mata, makanikai su kwance su ɗaura, ni kuma in jona baliz in faɗi abin da motar ke kuka da shi. Kusan duk motocin da ke shigo mana tsofaffi ne ƴan Kwatano, waɗanda suka ci duniya a hannun mutum uku ko huɗu kafin su iso nan. Ku riƙe wannan, don daga nan kuskuren ya samo tushe.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba: a cikin motar zamani akwai ƙaramin akwati da muke kira kalkilatar. Ita ke yanke ma inji hukunci, gazuwal, wato man dizal, nawa zai sha, iska nawa turbo zai tura mashi. Turbo kuwa kamar zuga-zugin maƙeri yake, sai dai hayaƙin motar ne ke juya shi. Kamfani ba ya sakin duk ƙarfin inji, yakan bar saura a ajiye don kada ya ci kansa. To akwai masu sayar da fishiye, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, ta waya, wanda in an zuba shi cikin kalkilatar sai ta saki wancan ƙarfin da aka ɓoye. Direbobinmu suna ce ma aikin kwance dabaibayi. Na yi shi a motoci da yawa kafin wannan, ba a taɓa dawo mani da ko ɗaya ba.

Alhaji Illa ɗan kasuwar dabbobi ne, yana kai dussa da gishiri wajen makiyaya a Tagriss. Bijimansa ya sayar ya sayo kamiyonet, ƙaramar motar ɗaukar kaya, sabuwa dal a wani gidan sayar da motoci a Maradi. Ita ce mota ta farko da ta taɓa shigowa garejinmu da leda a kujerunta. Tana da garantin kamfani, wato in inji ya lalace cikin lokacin da aka ɗiba, gidan da aka sayo ta ne zai gyara ko ya sa sabo. Direbansa Agali, dattijo ne da ya fi shekara ashirin yana bin rairayin arewa, shi ya kawo maganar.

"Shef, motar ga raƙuma ce ta gaske," in ji shi, "amma an yi mata dabaibayi. In na yi lodi, tudu na biyu sai ta kama nishi kamar tsohuwa ta hau rumbu."

Shef ya yi dariya ya ce mani, "Shafa, kwance mata." Daga nan ya shige ƙarƙashin wata babbar mota da ke jiransa.

Na bi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Na jona batir da abin caji don kada wuta ta yanke a tsakiyar aiki. Na karanto fishiyen asali na adana shi wuri biyu. Ina shirin zuba sabon sai Alhaji ya matso kusa da ni, riƙe da wani ɗan littafi a cikin baƙar leda.

"Ɗiyata, garanti hwa?"

Idona na kan ordinatar, ko ɗagowa ban yi ba. Na ce, "Garanti, Baba."

"Kin tabbata?"

"Garanti ne, Baba Alhaji, kada ka damu."

Ya ce madalla, ya mayar da ledar cikin aljihun rigarsa.

Kun san yadda kalmar nan take a bakinmu. Makanike ya ɗaure noti ya ce garanti. Mai faci ya liƙe taya ya ce garanti. Mai shayin bakin gareji ma shayinsa garanti ne. Abin nufi kawai, aikin ya yi, je ka da kwanciyar rai. Tun da na fara aiki ban taɓa taɓa motar da ke da garanti a rubuce ba, saboda haka kunnena bai ji wata ma'ana ba sai wadda ya saba.

Motar ta yi mako biyar tana tashi kamar barewa. Agali in ya wuce ta ƙofarmu sai ya danna oda ya ɗaga mani hannu. Ranar Larabar nan da hantsi ya zo ya ce yana jin wani fito a inji in ya ba ta wuta, kuma man inji na raguwa. Shef ya ce in jona baliz mu fita gwaji, in duba lambobin turbo tana cikin tafiya.

Mun ɗan fita gari kaɗan, Agali ya taka ta a wani hawa. Fiton ya koma ƙara, sai wani abu ya ce ƙas a gaba. Daga nan injin ya ɗauki wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, yana hawa yana hawa. Agali ya ɗauke ƙafarsa, ya taka ambrayaj, wato kuloci, kukan bai ragu ba. Ya murɗa makulli ya kashe. Bai mutu ba. Wallahi da idona na ga makullin a hannunsa ya zare shi, injin kuwa sai ƙara haukacewa yake. Farin hayaƙi ya rufe mu ta baya, ya shigo ta tagogi, lambobin da ke gabana duk suka koma ja. Na kama kalmar shahada. Ƙarfen ƙasan motar yana rawa har cikin haƙorana, abin da kawai ke raina shi ne yanzu zai tarwatse ya shigo mana.

Agali ya daka mani tsawa, "Riƙe da kyau!" Ya jefa ta bites na biyar, wato babbar giya, ya danne birki da dukkan ƙarfinsa, ya saki ambrayaj gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle, goshina ya bugi tablon gaban mota, sai shiru.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina tsugune a gindin wata aduwa, rungume da ordinatar, takalmi ƙafa ɗaya. Wata mata da ke tafe da jakinta da jarkokin ruwa ta saki jakin ta gudu, sai daga baya ta dawo tana ta salati. Ita ta wanke mani goshi.

Da aka jawo motar gareji Shef ya duba ya yi mana bayani. Turbo ne ya saki, man inji ya bi ta hanyar iska ya shiga, injin ya koma shan mansa. Makulli gazuwal kaɗai yake yankewa, shi ya sa ya zama banza. Injin kuma ya ƙwanƙwasa, sai an sauke shi. Bayan kowa ya watse ya kira ni gefe.

"Mayar mata da fishiyen asali."

"Shef, ai ba zai gyara komai ba."

"Ban ce zai gyara ba. Gobe Maradi za a kai ta. Ki mayar."

Na gane abin da yake nufi, kuma na mayar. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka hannuna a wanke yake.

Alhaji ba ya karatun faransanci, sai ya ce in bi su don in karanta mashi duk takardar da za a ba shi. Aka ɗora motar a bayan wata babba muka tafi, ni da shi da Agali. A hanya hankalinsa kwance, har goro ya miƙa ma direban da ya ɗauko mu yana cewa Allah ya sa da garanti.

A gidan motocin, shugaban makanikansu, wani mutum mai farin gilashi da suke kira Musye Hamisu, ya jona na'urarsu. Bai jima ba ya juyo da ita wajenmu.

"Alhaji, kalkilatar na ƙirga duk shigar da aka yi mata, kuma ƙirgar ba ta gogewa. An shiga sau biyu bayan ta bar hannunmu. Ɗaya an zuba, ɗaya an share sawu."

Alhaji ya ciro baƙar ledar nan, ya fiddo littafin ya ajiye bisa tebur.

"A'a Musye, garanti shina nan. Ranar da na sayi motar ga kun ce mani kada in bari a yi mata abin da zai ɓata shi. Shi ya sa ban yarda an taɓa ta ba sai da na tambaya. Ga ta nan, ita ta ce mani garanti, har sau biyu. Ko ba haka ba, ɗiyata?"

Ba zargina yake ba. Shaida ya kira, yana murmushi. A nan ne na ga ledar da kyau, na tuna ita ce a hannunsa ran nan, na gane tambayar da ya yi mani da amsar da na ba shi ba su taɓa haɗuwa ba. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na cikin hayaƙin.

Musye Hamisu ya dube ni ta saman gilashi. "Madamazel, ko dai a wani garejin aka yi, ba naku ba?"

Ƙofa ce ya buɗe mani, na sani. Agali ya sunkuyar da kai yana gyara rawaninsa. Na ce, "Ni ce na shiga, duka biyun." Na juya wajen Alhaji. "Baba, da na ce garanti, aikin nike nufi. Ban san takardar kake tambaya ba."

Murmushin bai tafi nan take ba, a hankali ya riƙa gushewa. 

Musye Hamisu ya rubuta rapor, wato rahoton bincikensa: inji da turbo sun fita daga garanti. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya tabbata fishiyen ne ya kashe turbon. Ya ce, "Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Ta yiwu da ciwonsa ya zo daga kamfani. Da ba a taɓa ta ba, ba mai yin tambayar nan, sabo za mu sa. Yanzu kuwa ba wanda zai iya rantsewa."

Ni na karanta ma Alhaji rapor ɗin, kamar yadda ya ɗauko ni in yi. Har muka dawo Dakoro bai yi mani magana ba.

Shef Ma'azu, a faɗi gaskiya, bai ɓuya a bayana ba. Ya tafi gidan Alhaji da ƙafarsa ya ce laifin nasa ne, shi ya san da garantin takarda, ya zaci Agali ya yi ma maigidansa bayani. Agali kuma ya zaci Shef ya yi. Maganar share sawun ma bai musa ba. Injin yana nan bisa bencinmu, Shef na haɗa shi da hannunsa. Zai tashi, amma sabuwar motar da aka sayar da bijimai dominta ta zama kamar kowace ƴar Kwatano.

Bayan kwana tara Alhaji ya shigo gareji da la'asar. Na so in shige bayan motoci, ya riga ya gan ni. Ya zauna a benci ya miƙo mani littafin.

"Karanta mani. Da Hausa. Tun daga farko."

Na karanta, shafi bayan shafi, maganar bidanji, wato canjin man inji, maganar irin man da za a zuba. Da na iso wurin da aka ce duk wanda ya canza abin da ke cikin kalkilatar ya fitar da inji daga garanti, sai ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." Sau uku.

"Ashe a rubuce yake," in ji shi. "Wata bakwai ina yawo da shi a aljihu kamar laya, ba wanda ya taɓa karanta mani." Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ban huce ba tukuna, ɗiyata, ba ni yi maki ƙarya. Amma da kin bi ƙofar da mutumin nan ya buɗe maki a Maradi, da ban sake tako wagga ƙofa taku ba."

Ya tafi ya bar littafin a hannuna. Yana nan rataye a ƙusa kusa da baliz.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Kalkilatar ba ta mantuwa, saboda haka share sawu ƙarin sawu ne. Sabuwar mota ba a kwance mata dabaibayi sai an zaunar da mai ita, ba direba ba, an karanta mashi takardarsa da harshen da yake ji, ya zaɓa da kansa. Kuma in mutum na maka tambaya da wani abu a hannunsa, ka ɗago ka dubi hannun.

Makon jiya wani dattijo ya kawo mota in duba mashi fitilar gargaɗi da ta kunnu a tablo. Da na gama ya ce, "Garanti ko, ɗiyata?"

Na rufe ordinatar, na dube shi. "Wanne, Baba? Na bakina ko na takarda?"

Makanikai suka fashe da dariya, tun ranar suke kirana Wanne. Ina amsawa.