Kafin Ganga

Kalmar "gaba" ce ta so ta raba wani dattijo da aikinsa, ni kuma aka ɗora wa cetonsa. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni in koya wa direbobinta Turanci a wani ɗaki a unguwar Gomari, aka kuma gaya musu ƙarara cewa wanda bai ci gwaji ba za a sallame shi. Dattijon Babarbare ne, ga iyalinsa, ga marayun ƙaninsa, duk a wuyansa. Tuƙi kam ba a koya masa, Turanci ne ya gagare shi.

A wurinsa "in front of" da "past" duk abu ɗaya ne. In na ce ya tsaya "in front of" kujera, sai ya wuce ta, ya waiwayo yana murmushi.

"Baba, ka wuce."

"Malama, ba gaba kika ce ba?"

Yana da gaskiyarsa, don gaban masallaci da gaba da masallaci ɗan "da" ne kawai ya raba su. Ni kuwa haƙuri bai ishe ni ba. Na riƙa tsayar da mutumin da a haife ya haife ni yana fuskantar bango, har kalmar ta zauna masa.

Ranar gwaji Baturiyar da ke shugabantarsu ta zauna kusa da shi, ni ina baya, da sharaɗin in na yi magana ya faɗi. Muka bi hanyar filin jirgi. Ta ce dama, ya yi dama, ta ce hagu, ya yi hagu. Sai ga shingen sojoji, an jera ganguna cike da yashi, soja ɗaya tsaye da bindiga.

"Stop before the drums," in ji ta.

"Before" na lokaci kaɗai muka yi a aji, kafin azahar, kafin damina, ba mu kai ga na wuri ba. Mota tana ta tafiya. Ina ganin gumi yana bin ƙeyarsa. Sojan ya gyara riƙon bindigarsa yana kallonmu. Na buɗe baki, na rufe, tsoro ya cika ni.

Ya taka birki dab da gangar farko. Baturiyar ta gyaɗa kai, daga baya ta ce ya ci.

Da ya kawo ni gida a unguwar Bolori na tambaye shi yadda aka yi ya gane kalmar da ban koya masa ba.

"Ban gane ba, Malama. Na ɗauka ta ce in wuce gaba. Na ce a raina gara aikin ya tafi da soja ya harbe ni, yaran nan sun riga sun binne uba ɗaya."

Ya tambaye ni ƙarfe nawa ne darasin gobe.