Yadda Na Raba Wa Ɗalibaina Amsoshi Na Rasa Gurbina

A lokacin ina mataimakiyar malami a wata lakol ta ƙauye kusa da Gazawa, irin wadda ake koyarwa da Hausa da Faransanci. Takardar birbe kawai gare ni, wato ta gama ƙaramar sakandare, amma kai na da girma, don ni kaɗai ce mace a unguwarmu da ke karanta wa mutane takardar likita. Ajina rumfar kara ce, yara bisa tabarmi. Da Hausa nake koya musu, kuma wallahi suna ganewa. Sai aka buɗe wata hanya ta ɗaukar irinmu zuwa makarantar horon malamai, mutum ya fito cikakken malami da takardarsa. Sharaɗin shi ne mai duba makarantu ya zo ya ga darasinka, in ya gamsu ya sa sunanka. Gurbi ɗaya aka ba yankinmu, ni kuwa na riga na gaya wa dangi har na Cadawa cewa nawa ne.

A nan wayona ya cuce ni. Na raya a raina cewa ba a cin jarrabawa da Hausa, sai da Faransanci mai ƙamshi. Na rubuta tambayoyi, na raba wa yara amsoshi bisa yadda suke zaune: na bakin tabarma ya riƙe amsar farko, na kusa da shi ta biyu, haka har ƙarshe. Sati biyu muna haddacewa. Ban damu da ko sun san ma'anar abin da suke faɗa ba, ni ma jerin zaman na haddace, ban kula da wa ke riƙe da me ba.

Ranar da mai dubawar ta zo, wata dattijuwa mai tabarau, sai daraktanmu ya ga bai kamata baƙuwa ta zauna a rumfa ba. Don ya taimake ni, ya kwashe yarana ya kai su ajin siminti, ya jera su bisa benci, gajeru gaba, dogaye baya. Ina shiga na ga an dama su, kaina ya ɗauke. Maimakon in tsaya, sai na bi jeri yadda na saba. Na tambayi dabbar da ke ba mu nono, yarinyar farko ta miƙe ta harɗe hannu ta ce Yamai. Na tambayi babban birnin ƙasarmu, aka ce mini sabulu. Da na tambayi abin da ake wanke hannu da shi kafin cin abinci, wani ya ɗaga murya ya ce jaki. Abin da ya ƙarasa ni, matan da suka dawo daga rijiya sun tsaya a taga, suna jin ɗiyansu na zuba Faransanci, sai ɗaya ta rangaɗa guɗa.

Dattijuwar ba ta yi dariya ba, duk da na ga kafaɗarta na rawa. Ta miƙe ta maimaita tambayoyin da Hausa, yara suka yi ta rige-rigen amsawa, babu wanda ya kuskure. Bayan an tashi ta gaya mini a hankali cewa masu iya kai yaro daga Hausa zuwa Faransanci ake nema, kuma ga alama na iya, amma abin da ta gani a ranar za ta rubuta. Gurbin ya tafi wurin wani, na zauna shekara guda ina amsa gaisuwar dangi da kunya.

Na samu shiga daga baya, yau ina da takardata. Amma har yanzu abin na yi mini ciwo, don yaran nan sun san komai, ni ce na mayar da su abin dariya saboda ina jin kunyar harshen da na koya musu da shi. ƴan'uwana mataimaka, in an zo duba ku, ku koyar yadda kuke koyarwa kullum. Aikin da nake ɓoyewa shi ne aka zo nema.