Ruwan da Baba Ya Ƙi Karɓa

A ranin 1986, wata safiyar Talata, ina tsaye da fartanya a bakin gonarmu ta tumatir a gefen Bunkure, ina jiran ruwa shiru. Gonarmu ce a ƙarshen layin ban ruwa, sai ruwan ya bi ta gefen gonar Malam Sale, aminin Baba tun suna yara, kafin ya iso mana. Kowace gona da ranarta, ranar kuwa tamu ce, don haka Baba ya je ya cire taɓon da aka toshe hanyar ruwan da shi. Malam Sale, wanda ranakun suka rikice masa, ya ɗaga murya a gaban 'yan ƙwadago da masu sarin tumatir ya ce, "Ashe har satar ruwa ka fara?" Baba ya sunkuya. Ya mayar da taɓon da hannunsa, ya ce mu tafi gida.

Washegari bayan la'asar Malam Sale ya zo zaurenmu ya ba da haƙuri. Baba ya ce a gaban jama'a aka zubar masa da mutunci, a gabansu kuma za a kwashe. Shi kuwa Malam Sale ya ga in ya yi haka, nasa ne zai zube. Inna ta yi ta cewa, "Malam, ka san ba ka sata ba, Allah ma ya sani. Me maganarsa ta rage maka?" Baba ya ce ba mutum ke auna kansa ba, gari ne ke auna shi.

Haka muka koma ɗibar ruwa da garwa daga babban kanal, ni da yayyena, wuya kamar zai karye, amma a banza. Tumatir ya yi yaushi, fure ya zube. Aka hana ni wanka da kamun kifi da Hamisu, ɗan Malam Sale, abin da ya fi garwar ƙona mini rai. Duk Talata Malam Sale yakan buɗe mana ruwan, Baba ya aika a toshe.

Kafin rani ya zagayo Malam Sale ya rasu. Baba ne ya shiga kabari ya karɓe shi, kuma ranar na fara ganin hawayensa.

Yanzu akan gaya mini abin da ya fi wannan zafi a kasuwa, in wuce abina. 'Ya'yana cewa suke mutuncin mutum a cikinsa yake, ba mai iya ƙwacewa da baki. Maganar Inna ce, kuma gaskiyarsu. Duk da haka ina kewar zamanin da kalma take da nauyi, ko da yake na ga abin da ta ci mana. Da rani ya zagayo Baba ya daina toshewa, ruwa ya dawo gonarmu, amma aminin Baba bai dawo ba.