Dokar Ido Huɗu

"An ce hannu na shiga cikin tsagar."

"Hannu? Ni da na gani, daga waje kana hango labulen ɗaki."

"Kuma wai aikin Ladan ne?"

"Ladan dai namu, mai dokar ido huɗu."

"Sassauta murya mana, ga shi can a benci."

Ladan ya ji maginan da ke zancensa sarai, bai ɗago kai ba. Yana zaune ƙofar ofishin ƙungiyar magina ta Suleja, yana juya katinsa na ƙungiya a hannu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gini. Da ginin laka ya fara a wajen kawunsa, ya koma na bulo lokacin da Abuja ke haɗiye duk wani mai riƙe cokalin gini. A wani aiki a Lambata ya bar kan ɗan yatsansa na hagu. Da katin nan ake buɗe masa ƙofar manyan ayyuka, ƙungiyar ce ke tsaya wa mutum a ce ga wanda aka sani. In aka karɓe katin yau, kafin la'asar labari ya kai Tafa, ko gyaran katanga ba mai kiransa.

Dokar kuwa shi ya kawo ta, shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan wani gida ya rufta da mutane a ciki. Ba a zuba kankare a fandisho sai 'yan ƙungiya biyu sun leƙa ramin, sun ga ƙasar da idonsu. Kyauta ake zuwa. Shi kansa ya hana ayyuka sun fi ashirin, har yara ke ce masa Baba Tsaya.

Baba Joshuwa, shugaban kwamitin duba aiki, ya fito da diga a kafaɗa. "Oga Ladan, mu je. Mai gida na jira."

Gidan yana Madalla, can gangare. Mai shi, Malam Nasiruddeen, Bakatsine ne da ke aiki a Abuja. Shekara tara yana haya kafin ya ga ɗaki uku nasa na kansa. Suka same shi a waje, ido jajir. Tsagar ta taso daga ƙasa, ta karkata ta ratsa gefen taga har sama. Ta cikinta ana jin muryar matarsa tana tsawata wa yara.

"Ni ban san gini ba, Baba," in ji Nasiruddeen, yana duban Ladan. "An ce min kai ne babu kamarka. Wata bakwai kacal da zuba fandisho!"

Joshuwa ya ɗauki bulo ɗaya cikin ragowar, ya ɗaga shi daidai ƙirji, ya sake. Ya faɗi tim, ko gefe bai ɓalle ba.

"Bulo lafiya," ya ce. Ya ƙwanƙwasa bango. "Siminti ma ba a yi rowa ba. Saura ƙasa. Su wa suka duba maka rami?"

Ladan ya dubi kusurwar gidan. Ya tuna ranar zuba kankaren kamar jiya. Hadari ya haɗo ta gabas, leburori sun riga sun kwaɓa, mai gidan haya ya ba Nasiruddeen wa'adin tashi. A kusurwar nan digarsa ta fito da baƙar ƙasa mai laushi, haɗe da tsofaffin ledoji, alamar tsohon rami ne aka cike da shara. Ya tsaya ya duba. Sai ya ce a ransa, shi da ke duba wa wasu, wa zai kira ya duba masa? Ya ƙara rodi biyu, ya ce a zuba.

Oluwatobi, mai aikin famfo da ya biyo su, ɗan kwamitin ne shi ma, kuma abokin Ladan tun suna samari. Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ka ce ni na zo. Wallahi ni zan ce na gani."

"Oga Ladan," Joshuwa ya maimaita, "su wa?"

Daidai nan wani ɗan guntun filasta ya ɓalle daga tsagar, ya faɗa ciki. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya a ɗakin. Ladan ya dubi sama. Gabas ta fara yin duhu, irin na waccan ranar.

"Ba kowa," ya ce. "Ni kaɗai na gani. Shara ce a ƙasa, na kuma zuba a kanta."

Oluwatobi ya dafe kai. Nasiruddeen ya juya ya dubi tsagar. Joshuwa ya jingine digar, ya miƙo hannu, tafi a sama. Kowa a wajen ya san abin da yake nufi.

Ladan ya ɗora masa katin, amma bai janye hannunsa ba.

"Ciyaman, ku riƙe, laifina ne. Amma ƙungiya na yi wa ɗanta gayya in aiki ya fi ƙarfinsa, kuma har yanzu ba ku rubuta kun kore ni ba. Ku sa a fito da yaran nan daga ɗakin yanzu, kafin ruwan ya sauko. Sannan don Allah ku ara min mutum shida da katakon tokara, yau ɗin nan."