Tela da Mazarin Rafi

Mijina tela ne kafin ya tafi yaƙin basasa. Da ya dawo Kafanchan, hannunsa na dama ya daina tsayawa wuri ɗaya. Ko kofin shayi ya ɗauka sai rabi ya zube, ga kuma wani guntun ƙarfe da likitocin soja suka bari a ƙirjinsa, suka ce cire shi ya fi barinsa haɗari. A haka na aure shi, a farkon shekarun saba'in, ina koyarwa a firamare. Yarenmu ba ɗaya ba ne, don haka da Hausa muka yi zance, da ita muke faɗa, da ita muke addu'a.

Gidanmu na kusa da layin dogo. Duk sanda ake haɗa taragu a tasha, ƙarfe ya bugi ƙarfe, sai ya zabura ya dafe bango. Keken ɗinkinsa na kusurwar ɗaki, lulluɓe da tsohon zane. Ba ya taɓa shi, ba ya kuma so a matsar da shi.

Wata Lahadi a coci, littafin waƙa ya suɓuce masa ya faɗi a tsakiyar sujada. Da aka tashi, wata tsohuwa ta riƙe hannunsa, ba da mugun nufi ba, ta ce, "Ɗana, jikinka na rawa kamar mazari." Yara suka ji, suka mai da shi waƙa. Daga ranar ya daina zuwa coci, ya daina shiga kasuwa. Wurin da ya rage masa shi ne rafin da ke bayan gonar cittar mahaifiyarsa, inda nake wanki ran Asabar. Ina buga kaya a kan dutse, shi yana zaune a gefe yana kallon ruwa.

A rafin akwai wani gurbi da ruwa ke kwantawa, ciyawa ta kewaye shi. Nan ƙwarin nan masu dogayen fikafikai da ake kira mazari ke taruwa, wasu jajaye, wasu shuɗaye, wasu baƙaƙe masu ratsin rawaya. Ina ganinsu tun ina yarinya, ban taɓa tsayawa na dube su ba.

Wata Asabar ya kira ni, yana nuna wani mazari. "Malama, ajiye sabulun ki zo. Da wannan aka ce ina kama?"

Na ce, "Maigida, tsofaffi mazarin kaɗi suke nufi, na auduga."

"Bar ni da wannan dai. Dubi fikafikansa, rawa suke kamar za su tsinke. Yanzu dubi kansa."

Na duba. Ƙwaron ya tsaya cak a iska, bisa ruwa, kamar an rataye shi da zare. Can ya wulga ya cafke wani ɗan sauro, ya dawo daidai inda yake.

"Yana rawa," in ji mijina, "amma bai kuskure ba."

Bayan nan ya riƙa zuwa rafin shi kaɗai da sassafe, ya dawo ƙafa duk laka, yana ba ni labari ina shirin makaranta. Shi ya gano cewa mazari ba da fikafikai yake fara rayuwa ba. Wani mummunan ƙwaro ne mai launin taɓo, yana rarrafe a ƙarƙashin ruwa, ya daɗe a can, sa'an nan ya hau karan ciyawa. Ban yarda ba sai da ya kai ni na gani da idona. Ƙwaron ya maƙale a kara, bayansa ya tsage, wani abu fari mai taushi ya fito a hankali, ya rataya kai ƙasa kamar ya mutu. Ya daɗe haka. Daga baya ya miƙe, fikafikan da ke duƙunƙune kamar jiƙaƙƙen tsumma suka buɗe, rana ta busar da su, ya tashi ya bar ɓawonsa a jikin kara. Kusa da shi akwai wani da iska ta kayar tun bai bushe ba. Fiffikensa ɗaya ya lanƙwashe. Mijina ya sa ganye ya ɗaga shi, ya mai da shi kan kara, amma bai tashi ba har muka bar wurin. 

A makon ne na dawo daga makaranta na tarar ya yaye zanen da ke kan keken, yana zuba masa mai. Ya ce, "Ƙafa ce ke tuƙa keke, ƙafata kuwa lafiyarta ƙalau. Ki sa mini zare a allura kawai."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Yakan danne wuyan hannun dama a kan teburin keken, hagu ta ja yadi. Ni nake sa zare kafin in fita, in kuwa ya tsinke da hantsi, haka zai zauna har in dawo, don ba ya so ya roƙi maƙwabta. Daga baya ya zaro siririyar waya daga wata matacciyar rediyo, ya lanƙwasa ta, ya koyi jan zare da ita. Rigar da ya fara ɗinka tawa ce. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na sa ta na je coci, shi ma ya biyo ni, karo na farko tun ranar da littafin ya faɗi. Matan zumunta na cocinmu suka kawo masa yadin ankonsu, na san tausayi ne ya kawo su, amma na biyun da suka kawo don ɗinkin ya yi kyau ne. Da gwamnati ta buɗe makaranta ga kowane yaro, kayan makaranta suka yi masa yawa, har yakan yi fito yana aiki. Ƙarar taragu ba ta daina firgita shi ba, sai dai yanzu yakan tsaya, ya ja numfashi, ya ci gaba da taka keke.

Ina da ciki na fari tari ya kama shi. Muka ce sanyin damina ne, har ran da na ga jini a hankicinsa. A asibiti suka ce ƙarfen nan ne ya motsa, kuma ba su da yadda za su yi da shi. Muka dawo gida. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Mama, ta tare a wurinmu, tana dama masa kunun acca, yana sha kaɗan don kada ranta ya ɓaci.

Wajen ƙarshen damina ya ce yana so ya ga rafin. Ƙanensa ya goya shi a keken hawa, ni da Mama muna biye a ƙafa. Ashe masu buga bulo sun shiga wurin ɗibar yashi, sun yashe gurbin, sun tattake ciyawar, ruwan ya zama ja. Muka zaunar da shi a kan dutsen wanki. Ya daɗe yana dube-dube. Mazari ɗaya ya wuce can sama, bai sauko ba.

Na ce, "In ka ji sauƙi sai mu bi rafin zuwa gaba, za mu same su."

Ya ce, "Za ki same su." Sai ya ce wa ƙanensa ya mai da shi gida, yana jin sanyi.

Ya rasu kafin a tone citta. Fasto ya yi wa'azi mai kyau, ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Abin da na riƙe shi ne matan zumunta a tsaye bakin kabari, dukansu cikin ankon da ya ɗinka.

Na haihu da bazara, mace. Ba da jimawa ba aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Zonkwa. Dangin mijina suka so in bar yarinyar in an yaye ta, Mama ta hana. Ta ce musu da irin Hausarta, "Yarinya zai zauna da uwanta, ni kuma zan bi su." Ta bar wa ƙanen gonar, ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, muka hau bayan wata motar kaya mu uku. A Zonkwa ita ke goyon jaririyar in na shiga aji, ta kawo mini ita lokacin hutun tara, in shayar da ita a ƙarƙashin mangwaron makaranta, ta karɓe ta ta koma gida.