Launin Motar Baba

Marigayi babanmu ya taɓa mallakar wata 'yar mitsitsiyar mota mai ƙafa uku, irin wadda ƙofarta ke buɗewa ta gaba, sitiyari ya biyo ta. An sayar da ita kafin a haife ni. Hotonta ɗaya ya rage, baƙi da fari, saboda haka launinta babu shi ko'ina sai a cikin kan yayana.

Da Yaya ya bar aikin sito a titin Wendover, nan ƙasar Turawa, sai ya sayi irinta, wadda tsatsa ta ci, ya ajiye a garejin gidansa a garin Pleasant Garden. Duk Asabar nakan je in miƙa masa sifana. Inji ya tashi. Aka shafa mata fentin share fage mai ruwan toka. Saura launi. A lokacin ne mantuwa ta fara kama Yaya.

Wata Asabar ya ce shuɗiya ce, kamar bula. Wata Asabar ya ce ruwan ƙwai.

Na ce, "Yaya, makon jiya shuɗi ka ce."

"Kai da ba a haife ka ba, me ka sani?" Ya yi dariya, amma ya daɗe yana kallon hoton.

Mai fentin da za mu kai wa ya ce fentin asali yakan tsira a inda rana ba ta kaiwa, kamar ƙarƙashin robar ƙofa. Na san wannan motar ba ta Baba ba ce. Amma launukan da kamfanin ya yi ba su da yawa, na ce ko ido zai tuna abin da baki ya kasa.

Na sa sukundireba na ɗaga robar. Wani siririn layi ya bayyana, kore mai haske irin na ɗanyen mangwaro, yana sheƙi kamar jiya aka shafa.

Yaya ya sunkuya. Ya kai yatsa, bai taɓa ba. Sai ya kama hannuna, ya yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar yaro:

"Mayar da ita. Baba ya ce kada a taɓa. Yanzu zai fito."

Ya waiga ƙofar gareji. Ni ma na waiga.

Na mayar da robar. Ban sani ba ko launin ya gane, ko kuwa tsoron ne kawai ya dawo masa. Washegari na tambaye shi, ya ce wace roba?

Motar na nan da tokarta. Anti, matarsa, takan tambaye ni wane fenti za a saya. Nakan ce mata sai Asabar.